Burtun Baba

A zauren gidanmu, sama da inda Baba yake ajiye butarsa, akwai wata ƙusa da ba a rataya mata komai sai burtu. Kan tsuntsun nan ne baƙi mai tafiyar ƙasaita a cikin ciyawa, an busar da shi da dogon bakinsa, an kafa shi a kan lanƙwasasshen icce an naɗe da fata, an manna masa jajayen 'ya'yan idon zakara. Maharbi yana ɗaura shi a goshi, ya lulluɓa baƙin zane, ya duƙa yana rarrafe yana kaɗa kai kamar mai tsince-tsince a ƙasa. Namun daji sun saba kiwo tare da burtu, ba sa gudunsa, don haka maharbi yake matsowa har inda harbinsa ba zai kuskure ba. Na Baba gadon kakanmu ne. Fatar da ke taɓa goshi ta yi baƙi ta yi santsi saboda zufar uba da ɗa.

Baba ya daɗe da ajiye farauta. Ba tuba ya yi ba, kada in yi masa ƙarya. Naman ne ya fara ƙarewa, sannan dajin kansa ya koma hannun mutanen da bindigarsu ba irin tasa ba ce. Ya naɗe tasa a tsumma ya tura ƙarƙashin gado. Amma burtun bai daina sauka daga ƙusa ba, kuma ban san inda yake zuwa da shi ba sai a daminar da na dawo gida daga Kurfi, bayan na fita takabar mijina.

Ni dama ba a taɓa yabona da haƙuri ba, sai mutuwar nan ta ƙara mini. Na shige ɗaki na zauna, wanda ya leƙo ya gaishe ni in amsa masa da baƙar magana, wanda bai leƙo ba in riƙe shi a zuciya. Mahaifiyarmu ta riga mu gidan gaskiya tun ina budurwa, babu mai tsawata mini. Wata safiya Baba ya ɗaga labulen ɗakina da bakin sandarsa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa ba ya kirana da sunana.

"Uwata, tashi ki raka ni."

"Ina za mu, Baba?"

"Wurin maƙwabtana. Sun hi ki iya gaisuwa."

Maƙwabtan nasa suna cikin ruwan Zobe. Akwai wani tudu mai duwatsu da ruwan dam ya kewaye, can nesa da inda masu noman rani suke kafa injinansu. Da rani mutum zai iya ratsawa da ƙafa, ruwa iya ƙugu, amma da damina ya zama tsibiri sosai, sai da jirgi. Wani masunci abokin Baba ne yake ara masa kwalekwale. Na zauna a tsakiya na ƙanƙame gefe da gefe ina karanta duk addu'ar da na sani, Baba yana tuƙi yana mini dariya, burtun yana naɗe cikin baƙin zane a kan cinyata.

Tun kafin mu isa wari ya tare mu, warin kashin tsuntsaye da ruɓaɓɓen kifi. Sai ƙara. Ban taɓa sanin tsuntsaye suna da surutu haka ba. Akwai wasu itatuwan bagaruwa a gefen gabas da balbelu suka rufe da sheƙa har reshe yana lanƙwasa, ƙasan duk ya yi fari fat. Zalɓe yana tsaye cikin ruwa da ƙafa ɗaya, ya ƙame kamar wanda aka yi wa laifi. Kirinjijiya suna tashi garke guda suna fito, su kewaya su dawo inda suka tashi. Ga jinjimi, ga dinya, ga zakaran ƙeƙuwa da ke tona asirin duk wanda ya sauka. Baba ya nuna mini wani kogon dutse da yake zama, ya ce in shiga in kame bakina, in har zan iya.

Abin da na fara gani da kyau a tsibirin nan kisa ne. A wata sheƙar balbela da ke daidai idona akwai 'ya'ya uku, biyu manya, ɗaya ƙarami mai tsirara, kansa ya fi jikinsa. Uwar ta kawo abinci, manyan suka cinye. Da ta tashi sai suka juya kan ƙaramin suna saransa a ka, suna sara, suna tura shi, har ya faɗo. Bai mutu ba. Yana ƙasa yana buɗe baki yana jan ciki. Uwar ta dawo ta sauka a sheƙa, ta leƙa shi sau ɗaya, ta ci gaba da gyaran gashinta. Daga cikin duwatsu wani ƙaton guza ya fito a hankali yana zaro harshe, da ganin tafiyarsa ka san ya saba cin abinci a wurin.

Na yunƙura zan tashi, Baba ya riƙe mini gefen hijabi.

"Ba gyara muka zo ba, kallo muka zo."

"Baba, cinye shi zai yi."

"Shi ma da yunwa ya kwana."

Guzan ya ɗauke shi ta kai, ƙafafun suna motsi a waje har ya haɗiye. Na ji haushin Baba ranar, na ji haushin uwar, na ji haushin kaina da na biyo shi. Na ce a raina wannan ne abin da aka fito da ni daga ɗaki in gani.

Ashe ba shi ba ne. Da rana ta ɗan ɗaga, Baba ya ɗaure tsumma a gwiwoyinsa, don sun daɗe da fara ba shi wahala, ya cire hula ya ɗaura burtu, ya lulluɓa zanen. Ya zuba dawa a aljihu. Ya ce in bi shi da ido zuwa fadamar da ke bayan duwatsu. A nan na gan su, su biyu, tsaye cikin ciyawa mai ruwa. Gauraki. Dogaye, baƙaƙe masu ɗan toka-toka, da farin fiffike, da jan kumatu, da tukkun nan na zinariya a tsaye a ka. Ni a hoto kawai na san gauraka. Baba ya ce da yana saurayi garke-garke suke sauka a gonaki bayan girbi, daga baya masu kama su suna kai wa manya suka ƙarar da su, har ya cire rai zai sake ganin ko ɗaya. Sai ga waɗannan sun sauka a tsibirin wata damina, ba wanda ya san daga ina, kuma kowace shekara suna dawowa.

Tsoho ne da ke nishi in zai tashi daga tabarma, amma da ya duƙa cikin ciyawar nan sai na neme shi na rasa. Burtu kawai nake gani yana kiwo. Ya yi taku, ya tsaya, ya sunkuyar da baki ƙasa, ya ɗaga ya kalli wani gefen kamar gaurakin ba su dame shi ba. Bai taɓa nufarsu kai tsaye ba. Namijin ya miƙe wuya ya dube shi, ya mayar da kai ƙasa. Macen ko ɗagowa ba ta yi ba. Ya matsa har ya shiga tsakaninsu, yana sakin dawa daga ƙarƙashin zane, suna tsinta a gefen hannunsa. Can sai namijin ya rusuna wa macen, ya buɗe fukafukai ya yi tsalle sama, ya ɗauki tsinke ya jefa, ita ma ta amsa masa, suka dinga rawa suna kewaya wani tsoho da ke durƙushe cikin laka. Na yi dariya ni kaɗai a cikin kogo har da hawaye. Rabona da dariya tun kafin a kwantar da mijina a asibiti.

A hanyar komawa yake gaya mini irin wahalar da ya sha kafin su yarda da shi. Daminar farko ko inuwarsa suka hanga sai su tashi. Ya yi ta zuwa, yana tsayawa nesa, yana rage tazara kaɗan-kaɗan, sauro da matsattsaku suna cinsa. Yanzu ga shi macen tana barinsa ya zo har bakin sheƙarta.

"Duk rayuwata da abin ga nike yi wa dabba ƙarya," ya ce, yana nuna burtun da haɓa. "Waɗanga kaɗai ne ban yi ma ƙarya ba."

Na zama 'yar rakiyarsa a daminar nan. Na koyi zama shiru, abin da duk dangi suka kasa koya mini. Na ga macen ta tara ciyawa ta yi sheƙa a tsakiyar ruwa, na ga ranar da Baba ya dawo kogo yana rawar jiki ya ce ta yi ƙwai. Burinsa guda ne, ya faɗa mini ya sake faɗa: ya ga sun ƙyanƙyashe sun tashi da 'ya'yansu, ko ƙasar nan ta sake samun gauraka. A shekarun baya ruwa ne yake cinye sheƙar, ko guza ya riga su. Bana sun yi ta a wuri mai kyau.

Ina da ƙane, shi ne autanmu, kowa Auta yake ce masa har ya yi aure ya haihu. Ya yi karatu a Dutsin-Ma ya fito da takarda, aiki bai samu ba. Sai ya zama ɗan gaban motar wani Alhaji mai neman kujera: shi ne riƙe waya, shi ne gyara takalmi a ƙofar masallaci, shi ne dariya tun kafin Alhaji ya gama ba da labari. Kullum ana ce masa aikinsa yana hanya. Auta ya tsani a ce masa ɗan maharbi. Na taɓa ganinsa ya sauke burtun ya cusa a bayan buhu don abokansa za su shigo zaure. Abin yana cin Baba, ko da yake ba ya faɗa. A gidan maharba babu abin kunya kamar a ce sana'a ta mutu a hannunka, ubanka ya ba ka kai kuma ba ka ba kowa ba.

Labarin gaurakin ya fita ta bakin masunta, kamar yadda komai yake fita. Ba a jima ba sai ga Auta ya zo ya durƙusa gaban Baba bayan sallar la'asar, kai a ƙasa, murya a sanyaye.

"Baba, na yi tunani. Ina so ka koya mani burtu. Kada abin kakanmu shi ɓace."

 Da Baba ya buɗe baki sai muryarsa ta karye. Ya sa masa albarka, ya sake sa masa, ya tashi da kansa ya sauke burtun ya aza masa a hannu.

Ni ban yarda ba, kuma ban ɓoye ba. Na sami Baba shi kaɗai na ce masa mutumin da ke jin kunyar warin fata ba ya wayi gari yana son gado haka kawai, a bincika. Ransa ya ɓaci ƙwarai.

"Ke ba ki son a ce na bar magaji? Yaro ya dawo hanya, sai ki tare shi da zargi?"

Maganar ta yi mini ciwo. Ni ce nake binsa cikin ruwa da laka, ni ce na san wace gauraka ce mace daga nesa, amma ko sau ɗaya bai taɓa cewa in ɗaura burtun in gwada ba. Mace ba ta gadon burtu. Bai ma taɓa zuwa masa a rai ba.

A tsakar gida aka fara karatu, awaki suna kallo. Baba bai rage masa komai ba. Ya nuna masa yadda ake ɓoye gwiwar hannu, yadda ake bi ta inda iska ba za ta kai warin mutum ba, yadda ake sunkuyar da kai a hankali in tsuntsu ya tsargu har ya saki jiki. Auta yana da kai, ban hana shi wannan ba, ya ɗauka da wuri. Daga nan Baba ya kai shi tsibiri. Ina cikin kogo ina kallo lokacin da ƙanena ya rarrafa cikin ciyawa da burtun kakanmu a goshinsa, ya shiga tsakanin gaurakin, namijin ya tsinci dawa a gefensa, macen tana kwance kan ƙwai ko motsi ba ta yi ba. Baba yana gefena yana share ido da bakin riga.

"Sun karɓe shi, Uwata. Kin gani? Sun karɓe shi."

Ranar da abin ya faru Baba ya tafi ta'aziyya wajen garin Ɗantutture tun da safe. Ya dawo da la'asar, ya ajiye buta, ya ɗaga kai, ƙusa ba komai. Bai tambayi kowa ba, ya zauna a zaure da takalmansa a ƙafa. Kafin magariba masuncin nan abokinsa ya yi sallama, ya tsuguna nesa, ya kasa haɗa ido da shi. Ya ce Auta ya zo ya karɓi jirgi da sunan Baba ne ya aiko shi, ya kuma ari birgi, ragar nan da ake jefawa ta buɗe ta rufe kifi. Ya ce da Auta ya dawo akwai buhu biyu a jirgin. Ɗaya yana motsi, ɗaya ba ya yi. Namijin ya yi ta kokawa cikin raga har wuyansa ya karye.

Da gari ya waye muka tafi tsibiri. Ban so ya je ba, ya ƙi saurarata. Ciyawar fadamar duk ta kwanta inda aka yi kokawa, ga gashi baƙi da fari yana yawo a kan ruwa. Baba ya kutsa har bakin sheƙar da fuskarsa ta mutum, karo na farko, don babu sauran wanda zai tsorata. Ƙwan an fasa su an shanye, sai ɓawo. Sawun jelar guza yana nan a kan laka. Balbelu suna ta hayaniyarsu a bagaruwa kamar kullum. Ya tsinci tsinke ɗaya na tukkun zinariya ya juya shi a hannu, sannan ya yar.

Auta bai gudu ba, wannan ne ya fi ba ni mamaki. Ya shigo gida da sabuwar hula, burtun a cikin leda kamar wanda ya sayo nama. Na tare shi a tsakar gida na zazzage masa duk abin da ke cikina, ban bar komai ba. Ya bari na gama.

"Yaya, tsuntsu ne hwa. Alhaji ya daɗe shina neman gauraka, har Nijar ya aika ba a samu ba. Ni ina da iyali. Ku kuna zuwa kuna kallo, mi kallon ya taɓa kawo ma wani a gidan ga?"

Baba yana zaure yana jin komai. Bai zage shi ba, bai yi masa baki ba. Da ya zage shi da na fi samun sauƙi. Ya karɓi ledar ya mayar da burtun kan ƙusa, ya daina fita sai masallaci.

Bayan 'yan kwanaki Auta ya sake durƙusawa a wurin da ya durƙusa da farko. Ya ce gaurakar ta ƙi cin abinci tun da aka kai ta. An ba ta dawa, an ba ta shinkafa, an ba ta abincin kaji na buhu, ko kallo ba ta yi. Ta fara tangaɗi. Ya gaya wa Alhaji cewa a hannun burtu kawai ta saba ci, kuma Baba ne ya san ta, shi ne Alhaji ya ce a zo da Baba. Na ce wallahi ba inda za shi. Baba ya tashi ya shiga ɗaki ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya sauke burtun ya naɗe shi cikin baƙin zane.

"In na roƙe shi zai ba ni ita in maida ta ruwa," ya ce mini. "Ko ba ta yi ƙwai bana ba, tana iya samun wani miji in ta koma inda ta hito."

Na ɗauki hijabina na bi shi.

Gidan Alhaji a Dutsin-Ma katanga ce mai tsawo da waya mai ƙaya a sama, tsakar gida shimfiɗe da intalok, ko ciyawa ɗaya babu. Ga barewa ɗaure da igiya a jikin famfo, ga ɗawisu yana jan jela cikin ruwan wankin mota. Aka ce in shiga wurin mata, na ce nan ma ya ishe ni, na tsaya gefen ɗakin maigadi. Alhaji yana zaune ƙarƙashin rumfa da baƙinsa a kujerun roba. Mutum ne mai fara'a, ya tashi ya tarbi Baba da hannu biyu, ya sa aka kawo masa lemo mai sanyi.

Gaurakar tana can lungu kusa da ɗakin janareta, tsaye, wuya a lanƙwashe, tukkun ya kwanta gefe guda. Yaran gidan suna zagaye da ita, wani yana tsokanarta da kara, ba ta ko kauce ba. Mutane suna wucewa ta gabanta da faranti, ba ruwanta. Ta wuce tsoron mutum.

Baba ya rusuna ya ce, "Ranka shi daɗe, alfarma na zo nema. A ba ni ita in maida ta ruwa. Ba ta rayuwa a nan."

Alhaji ya yi dariya, ba ta mugunta ba, irin ta wanda aka roƙa abin da ba shi da shi. "Baba, ai ko na ba ka ba ta tashi. Juyo da ita ya gani."

Maigadi ya kama ta ya juya. An datse mata fiffiken hagu daga gaɓa, an fesa wa dungun shuɗin maganin nan na dabbobi. Auta ya san da haka tun a gida, bai faɗa ba. Na dube shi, yana tsaye bayan kujerar Alhaji da wayoyi biyu a hannu, ya mayar da ido kan takalminsa.

"Ka dai taimaka ta ci," in ji Alhaji. "Kada ta mutu mani."

Na so Baba ya juya mu tafi. Ya tsaya yana kallonta, yana kallon ƙashin ƙirjinta da ya fito. Sai ya cire babbar rigarsa ya miƙo mini, ya cire hula. Bai zo da tsumman gwiwa ba. Ya ɗaura burtu, ya lulluɓa baƙin zane, ya durƙusa a kan intalok mai zafi a gaban mutanen da ya haifi yawancinsu. Nan take wayoyi suka tashi sama. Wani ya fara kwaikwayon kukan burtu da kumatu, aka bushe da dariya. Wani ya ce a matsar da kujera ba ya gani sosai.

Baba bai ji su ba. Ya yi taku, ya tsaya, ya sunkuyar da baki, ya kalli wani gefen. Ko a kan siminti aikinsa yana da kyau, kuma na tsani kaina da na lura da haka. Ya fara sakin dawa.

Ta ɗago kai ta gan shi. Ta yi wani kuka da ban taɓa jin ta yi a tsibiri ba, mai kaushi, daga can cikin ƙirji. Ta zabura za ta tashi, fiffike ɗaya ya ɗaga ta ya juyar da ita ta faɗi. Ta miƙe ta ruga ta daki katanga, ta sake ja da baya ta sake daka. Dungun ya buɗe, jini ya shafu a jikin fenti. Baba ya tsaya cak, sannan ya yi abin da ya san yana kwantar mata da hankali, ya sunkuyar da kan burtun a hankali har ƙasa. Abin ya ƙara haukata ta. Ta ratsa ta tsakanin kujeru tana faɗuwa tana tashi, baƙi suna ɗage ƙafa suna dariya, ta je ta cusa kanta tsakanin ƙafafun maigadi, mutumin da ya riƙe ta aka datse mata fiffike. A nan ta ɓuya tana haki.

Baba ya kwance burtun ya rufe shi da zane. Da ta daina ganinsa sai ta lafa.

"To, Baba, ashe kai take tsoro," in ji Alhaji, aka sake yin dariya. Ya ce amma abin ya burge shi, bai taɓa gani ido da ido ba, ko za a bar masa kan burtun ya ajiye a falo.  Baba ya dafa ƙasa ya miƙe da ƙyar, gwiwoyin wandonsa sun huje, ya bar burtun a inda yake. Auta ne ya zo ya ɗauka. Na sa wa Baba rigarsa a gaban kowa, na so in yi magana ya girgiza mini kai.

A motar komawa mun matsu a kujerar baya da masu dawowa daga kasuwa, dawar da ta rage tana zuba daga aljihunsa. Sai da muka bar kwalta ya yi magana, a hankali, ba tare da ya dube ni ba.

"Na hana ki ɗaukar ɗan balbela, na ce ba gyara muka zo ba. Ni kau na zauna shekara da shekaru ina cire masu tsoro. Da na bar ta da tsoronta, Uwata, da yanzu tana kan ƙwanta."

Ba ta ci ba. Ta mutu kafin Juma'a ta zagayo, maigadi ya jefa ta a kwata bayan an cire tukkun. Baba bai sake shiga jirgi ba. Na koma tsibirin a damina ta gaba tare da masuncin, na zauna a kogo har rana ta yi tsaka, balbelu suna nan, guza yana nan, fadamar ba kowa.

Auta ya samu wuri a gidan Alhaji. Duk ranar da aka yi manyan baƙi shi ake kira ya ɗaura burtu ya rarrafa a tsakar gida, ɗawisu yana gudu, ana ɗauka a waya. Wani maƙwabcinmu ya kawo wa Baba hoton har zaure, da kyakkyawar niyya, ya ce ya ga yadda ɗansa ya gaje shi. Baba ya karɓi wayar ya kalla har ƙarshe, ya miƙa masa.

"Ya iya," ya ce. "Ni na koya mashi."